Ƙadangarena mai gemu ya daina ci, sai kwanciya: amsoshin tambayoyinku

Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa wasiƙu suke ta zuwa wannan fili a kan dabba ɗaya, ƙadangaren nan mai gemu ɗan asalin tsakiyar Ostareliya, wanda wasu suka fara ajiyewa a gida cikin akwatin gilashi. Kukan kusan ɗaya ne: ya bar cin abinci, ya yi laƙwas. Ga biyar daga ciki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Yayana ne ya kawo mini ƙadangare mai gemu, an ce ɗan wata takwas ne. Da can yana cinye fara goma a zama ɗaya. Yanzu ya kusa mako biyu bai taɓa komai ba, yana kwance a kusurwa ido a lumshe, jikinsa ya yi duhu. Akwatinsa na falo jikin taga, na shimfiɗa masa yashin gulbi. Ban sa fitila ba, tunda an ce dabbar hamada ce kuma garinmu ba ya rasa zafi. Wani ya ce in ɗura masa maganin tsutsa na awaki. In ba shi? (Ɗalibi, unguwar Zariya)

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Ajiye maganin awakin nan tukuna. A cikin wasiƙarka akwai abubuwa uku da kowannensu shi kaɗai ya isa ya kwantar da dabbar nan, kuma babu wanda magani yake gyarawa.

Na farko sanyi. Ƙadangare ba ya haɗa ɗumin jikinsa da kansa, aro yake yi daga waje. Dubi na bangon gidanku da safe: ba wanda yake bin ƙwaro sai ya hau katanga ya baje ya sha hantsi. Naka ba shi da katangar. Falo mai daɓen siminti a watan Disamba da Janairu yakan wuni bai wuce digiri 22 zuwa 25 ba, da asuba kuwa a waje sanyi yakan sauka zuwa 15 ko ƙasa da haka. A wannan yanayin cikinsa ba ya narkar da abinci, shi ya sa ya ƙi ci. Duhun da ka ga jikinsa ya yi ma ƙoƙari ne na jawo ɗan ɗumin da ya samu.

Abin da yake buƙata shi ne akwati mai gefe biyu. A gefe guda wurin shan zafi, dutse mai faɗi ko guntun icce, wanda samansa zai kai digiri 40 zuwa 42 ga yaro irin naka, 38 zuwa 40 ga babba. Ɗaya gefen ya tsaya tsakanin 24 da 28, don in ya ƙoshi da zafi ya sami wurin komawa. Da dare a kashe komai, muddin akwatin bai sauka ƙasa da 18 ba. Ƙwan fitilar da zai ba da wannan zafi shi ne halojin ko tsohon ƙwan nan mai zare a ciki, wat 75 zuwa 100, a rataye kamar santimita 25 zuwa 30 sama da dutsen, yana ci awa 12 a rana. Ƙwan LED da ya cika kasuwa yanzu haske ne kawai, ba ya ɗumama komai. Kuma kada ka auna da tafin hannu. Nemi ma'aunin zafi mai ɗan igiya, ka ɗora kan igiyar a kan dutsen, ka bar fitila ta yi awa ɗaya sannan ka karanta. In bai kai ba ka sauko da ƙwan kaɗan, in ya zarce ka ɗaga. Ƙaramin akwati ba ya yin gefe biyu, ko'ina zafi ɗaya yake ɗauka. Babban ƙadangare yana son mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60.

Na biyu, hasken da yake shigowa ta tagarka bai ƙare shi da komai ba. A cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, ana ce masa UVB. Da shi fatar ƙadangare take haɗa bitamin D3, da D3 ɗin kuma hanji yake tsotsar kalsiyam. Gilashi yana tare UVB kusan gaba ɗaya, kai kuma gilashi biyu ka sa tsakaninsa da rana, na taga da na akwati. In kalsiyam ya yi ƙaranci jiki sai ya koma yana ɗiba daga ƙashi, kuma yaro mai girma ne ya fi saurin faɗawa. Ka zauna ka dube shi da kyau. Yatsunsa suna ɗan rawa ko fizga in yana kwance? In zai yi tafiya yana ɗaga ƙirji ko jan ciki yake? Ƙafafun sun kumbura? Leɓen ƙasa ya saki, muƙamuƙi ya yi taushi? Ko ɗaya ka gani, maganar ta wuce gyaran gida kawai, sai likitan dabbobi ya ba shi kalsiyam na sha gwargwadon nauyinsa.

Fitilar UVB ta gaskiya doguwa ce irin T5, mai lamba kashi 10 ko 12 cikin ɗari, ana sa ta santimita 30 zuwa 40 sama da bayansa, gefe ɗaya da fitilar zafi, ba gilashi a tsakani. Ana canza ta duk shekara ko da tana ci, domin UVB ɗin yana ƙarewa tun hasken bai mutu ba. Ba kowane shagon kayan wuta ke da ita ba, kuma a nan ake cutar mutane: shuɗiyar fitilar duba takardun kuɗi da ta tarkon sauro ba ita ba ce, ta kashe ƙwayoyin cuta kuwa ƙona ido da fata take yi.

Kafin ka samo ta, mu a Maradi muna da abin da masu kiwonsa a Turai suke nema da kuɗi. Ka sa a ɗinka maka keji na ragar waya mai rufi, ka rufe rabinsa da tabarma ko kwali don inuwa, ka fitar da shi tsakar gida minti 30 zuwa awa ɗaya kullum. Da hunturu tsakanin ƙarfe 10 da 12, inda iska ba ta bugawa. Da bazara kafin ƙarfe 9. Kada ka kuskura ka fitar da shi rana a cikin akwatin gilashi ko bahon roba, zafin yana taruwa ya kashe shi cikin mintoci. Kuma ka tsaya a wurin, saboda mussa da shirwa.

Na uku yashi. Ƙadangaren da yake da ƙoshin lafiya da isasshen zafi yakan haɗiyi ɗan yashi ya fitar ba matsala. Wanda yake cikin sanyi, hanji ya yi sanyi, ga yunwar kalsiyam tana sa shi lasar ƙasa, shi ne yashi yake daskarewa a cikinsa ya toshe. Kwashe shi yau, ka shimfiɗa jarida ko tayil mai ɗan kaushi. Ka tuna yaushe ya yi kashi na ƙarshe. Yaro mai ci yakan yi kullum ko bayan kwana ɗaya. In ya daɗe, ka zuba ruwa mai ɗumi kamar digiri 32 a roba, iya kafaɗarsa, ka sa shi minti 15 kana riƙe da ido a kansa, kana shafa cikin a hankali daga ƙirji zuwa gindin wutsiya. Shafa muka ce, ba matsa ba. Ka iya ɗiga masa ɗan dafaffen kabewa da aka dama da ruwa a kan hanci ya lasa. In ka ji wani abu mai tauri a ciki, ko ka ga ƙafafun baya sun daina motsi, kai shi wurin likita a ranar.

In zafi ya daidaita, yawanci cikin kwana uku zuwa bakwai za ka ga ya fara hawa dutse da kansa, launi ya washe, ido yana bin abin da ke motsi. Fara masa da ƙwari biyu ko uku ƙanana, bayan ya yi awa biyu a ƙarƙashin fitila. Idan mako ya cika bai ci ba, sai binciken kashi, za ka ga yadda ake yi a amsar ƙarshe. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne a ce maka barcin sanyi yake yi, wato doguwar kwanciyar da manyansu sukan yi lokacin sanyi. Ɗan wata takwas da ya yi mako biyu ba ci, a ɗauke shi mara lafiya har sai an tabbatar ba haka ba ne.

TAMBAYA: Nawa namiji ne, shekararsa uku, yana da fitilun duka biyu. Tun ƙarshen Nuwamba ya shige ƙarƙashin icce ba ya fitowa. In na ɗago shi yakan buɗe ido tar ya dube ni, in na ajiye ya koma. Yara sun ce mutuwa zai yi. (Wata uwa, Ali Ɗan Sofo)

AMSA: Hajiya, ki kwantar wa yara da hankali, wannan ya fi kama da barcin sanyi. A ƙasarsu ta asali manya sukan shige rami in rana ta gajarta, su rage ci da motsi, daga ƴan makonni har zuwa wata uku. Na gida ma wasu suna yi ko da fitila tana ci, wasu kuma ba su taɓa yi. Amma da mai barci da mai ciwo kwanciyarsu ɗaya ce a ido, sikeli ne yake raba su. Ki samo ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, ki auna shi yau ki rubuta, ki riƙa maimaitawa duk mako a rana ɗaya. Babba yakan kai giram 300 zuwa 500. Mai barcin gaske kusan ba ya ramewa: mai giram 400 ya sauke 10 ko 15 ba abin damuwa ba ne. In ya doshi sauke kashi goma cikin ɗari, wato giram 40, to ba barci ba ne.

Ki duba gindin wutsiya, ya kamata ya kasance a cike, ba ƙasusuwan ƙugu a waje. A saman kai bayan idanu akwai ƴan tudu biyu na kitse. In sun lotsa, ya rame. Ido ya faɗa, gemu ya yi baƙi ya ƙi washewa, majina ko kumfa a baki, numfashi da ƙara, zawo mai wari, duk waɗannan ba na mai barci ba ne.

In komai lafiya, ki bar shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tashe shi a tura masa abinci don tausayi, ya koma wuri mai sanyi ya kwanta, abincin ya ruɓe a ciki. Bayan cinsa na ƙarshe a bar fitilar zafi yadda take kwana 10 zuwa 14 har ya yi kashi, sannan a rage ta zuwa awa 8 a rana. Ruwa a ƙaramin faranti ya zauna kullum, kuma ranar awo ki ɗiga masa a hanci ko zai sha. Ranar da ya fito da kansa ya hau dutse, ki mayar da fitila awa 12, ki fara da ganye.

TAMBAYA: Yarana suna ba nasu soyayyar fara ta kasuwa da salak. Da yana ci, yanzu ya ƙi, kashinsa kuma farin da ke jiki ya koma ruwan ɗorawa ya yi tauri. (Magidanci, Sabon Gari)

AMSA: Malam, farar kasuwa ta mutane ce. Gishiri, yaji da mai da ke jikinta suna wahalar da ƙodarsa, kuma farin nan da ya canza launi ya taurare fitsarinsa ne, yana gaya maka ruwa ya yi ƙaranci a jiki. A daina yau. A yi masa wankan ruwan ɗumi sau biyu ko uku a mako, a riƙa yayyafa wa ganyensa ruwa.

Ƙwaro mai rai yake so: fara, gyare, ko tsutsar ƙudan soja da wasu masu kiwon kaji suke haɗawa, wadda ita tana da kalsiyam mai yawa. Girman ƙwaro kada ya wuce tazarar da ke tsakanin idanunsa biyu. Wanda aka kamo a gonar da aka yi wa feshi, ko kyankyason ɗakin da aka fesa wa maganin sauro, guba ne. Maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare, an san guda ɗaya yana iya kashe shi. Ƙwarin da za a ba shi a tsare su kwana ɗaya ko biyu ana ciyar da su ganye da karas, sannan a sa su a leda da ɗan garin kalsiyam a girgiza. In ba a sami na kanti ba, a tafasa ɓawon ƙwai minti 10, a shanya, a daka, a tankaɗe da rariya mai laushi. Yaro sau biyar a mako, babba sau biyu ko uku. Wannan garin ba ya aiki in babu rana ko fitilar UVB.

Yaro kusan kashi uku cikin huɗu na abincinsa ƙwari ne, babba kuma akasin haka, ganye ne ya fi yawa. Salak kusan ruwa ne zalla. Ɗanyen zogale, wanda ba ma rasawa daga Jiratawa da ke kusa da Maradi, ya fi shi nesa ba kusa ba. A haɗa da ganyen wake, gurzajjen kabewa, kuɓewa da ɗan karas, a wanke sosai a yanka ƙanana. Alayyafo da yakuwa sai jefi-jefi, suna da sinadarin da yake ɗaure kalsiyam. Albasa, tafarnuwa da piya ba a ba shi sam.

Tunda yara ne masu kula da shi, ga wata: ƙadangaru suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, mai sa mutum zawo, a kashinsu ba tare da sun yi ciwo ba. Wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, ba a wanke kayansa a inda ake wanke kwanukan abinci, kuma ƴan ƙasa da shekara biyar su yi kallo kawai.

TAMBAYA: Tawa mace ce, ita kaɗai, ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba. Ta daina ci, cikinta ya yi girma, ta yi kwanaki tana tonon kusurwa kamar za ta fasa gilashi. Jiya ta daina tonon, ta kwanta ba ƙarfi. (Mai karatu, Bagalam)

AMSA: Ɗan'uwa, taka ta fi ta kowa gaggawa. Mace tana yin ƙwai ko babu namiji, sau da yawa 15 zuwa 30 a zubi ɗaya. Ƙin ci da tono alamar tana neman wurin zubawa ne, kuma in ba ta samu ba takan riƙe su. Tun a lokacin tonon ya kamata a ba ta babban baho mai cakuɗen yashi da ƙasa, zurfin santimita 20 zuwa 30, da damshin da in ka tona rami ba zai rufta ba, a wuri mai ɗumi da ba a leƙe. Ka haɗa mata yanzu. Amma macen da ta bar tono ta yi laushi, mai yiwuwa ƙwan ya maƙale ko kalsiyam ɗinta ya ƙare wajen yin ɓawo. Kada ka matsa cikin, ƙwai yana fashewa a ciki. Ka ɗumama ta, ka kai ta wurin likita yau, ba gobe ba.

TAMBAYA: Yaya za mu yi in an ɗauke wuta, kuma wane likita ne zai duba ƙadangare alhali sun saba da shanu da kaji? (Wani matashi, Mokoyo)

AMSA: Rashin wuta na ƴan awoyi ba ya yi masa komai. Dokar ita ce ba a ciyar da shi in ba za a iya ɗumama shi awa biyu bayan ci ba. Da rana kejin waya a tsakar gida ya wadatar. Da daren sanyi a cika gora da ruwan zafi, a naɗe da tsumma, a ajiye a gefe ɗaya na akwatin, a lulluɓe saman da bargo a bar kafar iska. Ba a kai masa garwashi kusa.

Afrilu da Mayu ne suka fi ba mu tsoro, lokacin da inuwa ma takan haura digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi haka. A lokacin gefen sanyi ya ɓace, sai ka ga ya ƙi ci, ya manne a ƙasa, baki a buɗe. Buɗe baki a ƙarƙashin fitila al'adarsa ce ta rage zafi. Buɗe baki a gefen da ya kamata ya zama mai sanyi alamar wahala ce. A kashe fitilar zafi, a bar ta UVB, a sauke akwatin ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi, a ajiye masa tayil ko kaskon ƙasa da aka jiƙa ya kwanta a kai.

Batun likita kuma, ba sai wanda ya ƙware a ƙadangaru ba ne zai iya matakin farko. Duk likitan dabbobin da yake da madubin duba ƙwayoyin cuta zai iya binciken kashi kamar yadda yake yi wa tumaki. Ka ɗauki baƙin kashin, ban da farin, sabo wanda bai kwana ba, a leda mai tsabta. Ka tafi da takarda mai nauyinsa na makonnin baya, zafin gefe biyu na akwatin, ranar ci da ranar kashi na ƙarshe, da sunansa na kimiyya, Pogona vitticeps, don likita ya duba littafi. Abin da aka fi samu shi ne ƙananan tsutsotsin hanji da koksidiya, dangin wadda take sa kaji zawo, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne: fenbendazol na tsutsa ba ya taɓa koksidiya. Tsutsa ƴar kaɗan a babba mai lafiya ma sau da yawa ba a yi mata magani.

Ga kuma dalilin da ya sa muka hana ɗalibin Zariya ɗura na awaki. Fenbendazol na ruwa mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari yana da miligiram 100 a kowane mililita. Abin da likitoci suka saba ba ƙadangare shi ne miligiram 25 zuwa 50 a kowane kilo. Ƙadangare mai giram 150, ko a babban ma'auni, rabonsa miligiram 7.5 ne, wato mililita 0.075, bai cika ɗigo biyu ba. Ƙaramin cokalin shayi mililita 5 ne, ya ninka haka fiye da sau 60. Ibamektin da ake yi wa dabbobi allura kuwa yana kashe kunkuru, ga ƙadangaru ma tazarar da ke tsakanin magani da guba kaɗan ce, don haka ba a taɓa shi sai da hannun likita. A bar likita ya auna da sirinjin mililita ɗaya, kuma a mayar da wani kashin bayan mako biyu zuwa uku da gama magani a ga ko ya yi aiki.